Dabo Mai Turbo da Maganar Inna

A Birnin Kudu in ana zancen masu tafiyar hawainiya da mota, Dabo bakanike ne kan gaba. Mai keke ya sha wuce shi, har ya waigo ya ce masa sannu. Abin dariyar shi ne, babu motar da ta kai tasa gudu daga nan har Gwaram.

Tsohuwar Golf ce mai ruwan toka, wadda in ka gan ta a bakin gareji sai ka ɗauka jiran masu gwangwan take yi. Amma buɗe bonet ka sha kallo. Dabo ya sauya mata fistin, ya faɗaɗa salansar hayaƙi, ya ɗora mata turbo, wato wani ƙarfe mai siffar dodon koɗi da ke ɗura wa inji iska har ƙarfinsa ya ninka. Shi kuwa turbo ɗan ganin dama ne. Ba ya farkawa sai an taka totur da gaske, sannan ya saki wani siririn fito mai tayar da tsikar jiki.

Wannan fiton Dabo bai taɓa jin sa yana riƙe da sitiyari ba. In ya gama aiki, sai ya miƙa wa amininsa Kamaluddeen direba makulli, shi kuma ya tsaya bakin kwalta ya karkata kai, yana saurare kamar mai jiran kiran sunansa.

Dalili kuwa tsoho ne. Yana saurayi ya taɓa kifewa da motar maigidansa a wata gonar gero wajen Sundimina, aka kwaso shi jina-jina. Mahaifiyarsa, Inna Hapsatu, ta tsaya a kansa ta ce, "Ɗan'auta, in ka ƙara gudu da mota ban yafe maka nonona ba." Shi ke nan. Ya warke, ya yi aure, ya buɗe garejinsa, furfura ta fara leƙowa a gemunsa, maganar tana nan daram. Abokai sun yi zolayar har sun gaji. Kamaluddeen ya sha ce masa, "Haba Dabo, Inna tana gida, wa zai gaya mata?" Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge sifana. Amma abin yana cin sa, don mutum ne shi ma, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ya ji aikin hannunsa daga ciki.

Wata ranar damina da hantsi, Inna na zaune a tsakar gida tana tsince zogale, sai fiton ya ratso daga titi. Ta tambayi surukarta Safiyatu, "Wai wane tsuntsu ne wannan yake damun mu?"

"Motar ɗanki ce, Inna. Kamalu ne ke gwada masa."

"Shi ba shi da ƙafa ne?"

Safiyatu ta dube ta da mamaki. "Ai ke kika hana shi."

"Ni?"

Tsohuwa ta ajiye faifai. Sai maganar gonar geron ta dawo mata. Ashe maganar da ta faɗa cikin firgici ta manta da ita, yaron nan ya ɗauke ta ya riƙe duk tsawon shekarun nan. Tausayinsa ya kama ta, har da 'yar kunya.

Da Dabo ya shigo cin abinci ta ce, "Ɗan'auta, gobe Maruta za ka kai ni in gano dangi. A waccan mai kukan tsuntsun."

Washegari suka kama hanyar Gwaram, Inna a gaba da ƙullin goronta a cinya. Dabo na lallaɓawa yadda ya saba. Gero ya yi kore shar dama da hagu, kwalta ta miƙe, ba mutum ba dabba.

Inna ta ce, "To, ina tsuntsun?"

"Sai an taka, Inna."

"Taka mana."

Ya dube ta. Ta kau da kai wajen taga ta ce, "Na yafe. Tun tuni ma ya kamata in faɗa."

Dabo ya yi bismilla, ya sauke giya, ya danna. Motar ta ɗan yi jim, sai fiton ya taso daga ƙarƙashin bonet, kujera ta manne da bayansa, bishiyoyi suka fara gudu baya. Inna ta dafe ɗankwali tana salati, tana kuma dariya. Da ya hango shanu can nesa a gefen hanya, da kansa ya ɗaga ƙafa, injin ya yi wata ajiyar zuciya ya lafa. Dabo ya sa bakin hannun rigarsa ya share ido.

Sun yi nisa kafin Inna ta ɓare goro ta miƙa masa rabi. "Lallai ka iya aiki," ta ce. "Allah ya yi maka albarka. Amma da sharaɗi. Duk ranar da za ka taka, ka zo ka ɗauke ni. In ba na ciki, ba gudu."

Dabo ya yi dariya, don ya gane an sake ɗaure shi, ɗaurin da ya fi na da ƙarfi. Wa zai yi ganganci da uwarsa a gefe?

Har yau mai keke yana wuce shi a cikin gari. Sai dai wata ranar, in ka ji fito a hanyar Gwaram, ka duba da kyau, za ka ga wata tsohuwa a gidan gaba ta dafe ɗankwalinta.