Jan Rubutun Kuo Wen-hsiung

Ranar Talata, tara ga Afrilu, labari ya iske mu a kasuwar kifi ta Nanfang'ao cewa ka rasu, Kuo Wen-hsiung, A-Hsiung namu. Shekara hamsin da ɗaya! Ni da na goye ka ina zaune daram, kai ka yi gaba. Dama kullum ba ka da kunya.

Karatuna bai wuce aji shida ba, amma na san aikinka. Kwamfutar da ke kula da ɗakunan sanyi na ƙungiyarmu ta masu kifi, kai ka saita ta, ka ba ta baki biyu. In kuskuren saiti ƙarami ne, ta yi gargaɗi da rawayan rubutu, ta ci gaba. In babba ne, ta fito da jan rubutu, ta ƙi karɓa, ta zauna a kan tsohon saitinta.

Na taɓa tambayarka amfanin jan. Ka ce, "Kaka, sau nawa likita ya hana ki gishiri?"

Na ce, "Rufe min baki, ɗan nema."

Ka ce, "To, haka mutane suke da rawaya."

Bara Shugaba Lu, mai jagorantar ƙungiyar, ya shigar da ranar rufe ɗakunan da hannunsa, ya rubuta shekara 112, yadda duk muke ƙirgawa a takardun hukuma, daga kafuwar jamhuriyarmu. Ita kuwa kwamfuta 2023 ta sani. Da ta karɓa, da ta ɗauka ranar ta wuce tun zamanin kakannin kakanni, ta kashe sanyin da rana tsaka, kifin gida arba'in ya ruɓe. Sai ga jan rubutunka: "Ban yarda ba. Wannan shekarar ta wuce, a gyara."

Lu ya yi ta kumfar baki wai na'ura ta raina shi a gaban mata. Kai kuwa kana gefe kana shan miyarka.

Turaren makokinka bai gama ci ba Lu ya ce sababbin ma'aikata za su mayar da jan duk rawaya, wai yana ɓata lokaci. A taron ranar Asabar na miƙe da sandata.

Ya ce, "Kaka Pan, zauna, wannan ba harkar tsofaffi ba ce."

Na ce, "Shugaba, kwamfutar ban san ta ba, amma kai na san ka tun kana fitsarin kwance. Ka taɓa jan nan, mu kwashe kifinmu yau."

Mata talatin da uku suka miƙe a bayana. Lu ya zauna.

Uwa Mazu, abar bautarmu mai tsaron masunta, ta haska maka hanya, ta sauke ka inda babu wahala. Su-chen, matar A-Hsiung, ke da yaranki, muna tare da ku, ku yi haƙuri. Kai kuma, A-Hsiung, kwanta ka huta. Muddin ina numfashi, babu mai goge maka harafi ɗaya.

Pan Chiu-yueh