Hannun Kaka Hajjo a Kan Ƙafarmu

A gidanmu na Moriki, da an sauke tuwo an rage itace a murhu, sai mu kewaye Kaka Hajjo, mahaifiyar babanmu. Ba ta da tatsuniyar daɗi. Nata duk na ƙashi da jini ne, kuma ba ta farawa sai ta ɗora hannu a kan ƙafar wanda ya fi kusa da ita. Mun ɗauka tsufa ne kawai.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta yarinyar da ta ajiye ƙanenta a gindin tsamiya ta tafi tsinkar magarya. Ta dawo, Dodo ya ɗauke shi. Ta bi sawu har kogo, Dodo ya nuna mata tulin ƙasusuwa ya ce ta zaɓi nata. Ta ƙulle su a zane ta kai wa uwarta. Nan take tsayawa, mu kwanta muna maƙale da juna.

Shekarar da ƙyanda ta kashe ƙanen Balki, 'yar kawunmu, aka kawo ta gidanmu. Ita ce a gefen Kaka ranar da aka sake ɗauko tatsuniyar nan. Da aka iso kogo, sai ga yaro yana barci cikin burgamin Dodo, jakarsa ta fata, lafiya lau. Na yi tsalle na ce ba haka take ba.

"Ke, rufa min baki, mai kan kwarya," in ji Kaka. "Mi kinka sani? Tatsuniyata ta, inda ni so nika kai ta."

Sai da na girma na gane aikin hannun nan. Rawar ƙafa take ji. In ta yi yawa, sai ta karkata labarin.

Shi ya sa raina ya ɓaci bara a Ƙauran Namoda. Hafsa, 'yar yayana, tana makarantar kwana a can. Mahaifinta direba ne, an tare shi a hanyar Shinkafi, har yau babu shi babu labari. Yarinyar ta aro littafi a laburaren makaranta, labarin wani da aka sace, an zayyana yadda aka ɗaure shi da yadda aka ƙarasa shi a daji. Ta karance shi ita kaɗai a kan gado. Ta daina cin abinci, aka kira ni.

Malamin da ke kula da littattafan ya ce, "Hajiya, ai gaskiyar ƙasarmu ta. Kakanninmu ma sun ba mu tsoro, ga mu mun girma."

Na tsani maganar nan, har yanzu ina tsanarta. Wa zai koya wa 'yar Moriki gaskiyar ƙasarta? Kuma kada wanda ya ƙara jingina wannan sakaci da kakata. Ita ta san wanda aka yi wa rasuwa kafin ta buɗe baki. Shi ya miƙa littafi ya juya baya, bai ma san 'yar wace ce ba. In ba mai zama kusa da yaran nan, a kwashe irin littattafan, ban ga asara ba.

A mota muna komawa gida, da muka kusa Moriki, sai Hafsa ta juyo gare ni.

"Goggo," ta ce, "ashe haka aka yi wa su Baba."

A da, duk hutu sai ta tambaye ni ko an ji labarin Baba. Tun ranar ba ta sake tambaya ba.