Tankin Shara a Ƙofar Gidanmu

Shekarar da sojoji suka koma bariki, aka kawo wa ƙaramar hukumarmu manyan tankunan ƙarfe na zuba shara. Ba su da yawa, sai aka ce layin da ya fi tsafta za a ba. Lokacin ina gidan mahaifina a Fagge ina sayar da atamfa, kuma ina da aboki tela, ɗan ƙabilar Ibo, a Sabon Gari.

Layinsu ne ya tsole min ido. Mu bulalar soja ce ke fito da mu Asabar ɗin tsaftar gari, da aka daina bulala muka koma barcinmu. Su kuwa ƙungiyar masu haya gare su, kowa ya yashe kwatar ƙofarsa, mai kura ya zo ya kwashe. In na je karɓar ɗinki sai in tsaya ina ƙare wa layin kallo. Hassada ce, ba zan ɓoye ba. Mu da aka haifa a nan, kaka da kakanni, a ce su za su riga mu samun tanki?

Na tashi haiƙan. Na sa mutanen layinmu shara dole, na yi ta sintiri gidan kansila ina tuna masa ƙuri'unmu. Ranar da na ji mu muka samu, su babu, har sabuwar hula na sa. Da kaina na nuna wa direba inda zai sauke, daidai ƙofar gidanmu, don kowa ya san aikin wane ne.

Sau biyu motar kwashewa ta zo, shi ke nan. Layuka uku suka dawo zubawa a wurinmu, tanki ya cika ya batse, awaki na hawa kai. Mahaifina ya daina karɓar baƙi a zaure saboda ƙuda. Sai ga duba-gari da sammaci, wai a dokance sharar ƙofar gida ta mai gida ce. Sunan tsohon ne a takardar, mutumin da bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba.

Na kai wa abokina kukana. Ko ɗagowa daga keken ɗinki bai yi ba, ya ce ai su aka fara yi wa tayin tankin.

"Mun tambaya wa zai riƙa kwashewa, ba wanda ya amsa. Sai muka ce a kai gaba."

Wannan ya fi ƙona min rai, ashe a hangen nesa ma sun riga ni.

Da safen da na raka mahaifina kotun tafi-da-gidanka, hanya ta layinsu ta bi. Na ce, "Baba, mu zagaya." Bai tambaye ni dalili ba.