Ƙusa ta Goma a Shagon Kakana

Akwai wani ƙamshi da har yau idan na ji shi sai gabana ya faɗi, wato ƙamshin sabuwar shadda idan an ɗora mata dutsen guga na gawayi. Makon jiya na ji shi a bakin wani shagon wanki da guga a Tudun Wada, na tsaya cak a gefen titi har mai keke ya yi ta danna mini hon. Mutane da yawa Sallah yake tuna musu. Ni kuwa, mai karatu, kwana bakwai yake tuna mini, waɗanda ina jin ban taɓa yin tsoro irin nasu ba, duk da cewa idan na ba ka labarin wataƙila ka ce abin bai kai ya kawo ba.

Kakana na wajen uwa tela ne a Gada Biyu, cikin Jos. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a jikin gidanmu, ƙofarsa tana kallon titi. A ciki akwai baƙin keken ɗinki na ƙafa, da teburin yanka, da benci, da wani ƙaton buhun ƙyallaye a lungu. A bangon da ke bayan keken kuma akwai ƙusoshi goma a jere. Duk ɗinkin da ya karɓa sai ya sa shi a leda, ya rataye a ƙusa ɗaya. Idan ƙusoshin sun cika, ko waye ya zo, amsar ɗaya ce: a yi haƙuri.

Komai nasa a kan lokaci yake. Gari na wayewa zai share shago, ya ɗiga wa keke mai, ya yi yanka tun ido bai gaji ba. Ana kiran magariba zai rufe keken da tsohon zane. Yakan ce ɗinkin dare da safe ake farke shi. Idan azumi ya kai sha biyar sai ya cika ƙusoshin a karo na ƙarshe, ya daina karɓa sai bayan Sallah, domin ya san kowane kaftani mai aiki yini ɗaya da rabi yake ci masa. Sauran telolin layinmu kuwa karɓa suke yi har jajibere, kaya su taru har rufi, ranar Sallah su kulle shago su ɓuya, masu kaya suna dukan ƙofa suna Allah ya isa. Ba a taɓa dukan ƙofar kakana ba. Ina jin wannan ne kaɗai abin da yake alfahari da shi a duniya.

Shekarar da nake ba ka labari ina da sha ɗaya, in ban yi kuskure ba, kuma azumi ya faɗo a ƙarshen damina. Ka san ruwan Jos, rana na haske sai hadari ya taso daga bayan duwatsu, ƙanƙara ta riƙa dukan langa-langa har ba ka jin mai magana kusa da kai. Ƙusa ta goma tawa ce. Kullum kayan gida ne na ƙarshe. Atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye, mahaifiyata ta aiko mini da ita. Kowace safiya kafin na tafi makaranta sai na leƙa na shafa ledar. Shi kuma ya tsokane ni, kamar yadda kaka ke yi da jika: “Amarya, shafawa ba ta ɗinka riga.”

Ranar ashirin ga azumi ya tafi sallar la'asar ya bar ni a kan benci. Ruwa bai daɗe da tsayawa ba sai ga wani dillalin shanu a kan babur, tsohon mai kawo masa ɗinki ne, dogo, mai muryar da ta saba da kiran kasuwa. Ko sauka bai yi ba.

“Ke jikar tela, ina tsohon?”

“Ya tafi masallaci.”

“Ungo. Yadi biyar ne, kaftani da wando. Awona yana wurinsa. Ki ce masa jajibere zan zo.”

Na san amsar. Na ji ta ya fi a ƙirga: ƙusoshi sun cika, sai bayan Sallah. Tana nan a bakina. Amma ya zuba mini ido, babur yana ƙara, ya miƙo ledar har ta taɓa ƙirjina. Sai na ji kaina ina cewa, “To, Alhaji.” Ya tafi, taɓo yana fallatsa a bayansa.

Na dubi bango, babu ƙusar da zan rataye ta. Gaskiya akwai uku da suka riga suka zama babu kaya, amma na san ƙa'idar, ba a mayar musu da komai sai bayan Sallah. Da na hango kakana tafe yana tsallake kwata, sai na tura shaddar can ƙasan buhun ƙyallaye, na danne ta da hannu biyu.

Ban san yadda zan kwatanta maka kwanakin da suka biyo baya ba. Kakana ba mai duka ba ne, ban taɓa ganin ya ɗaga wa yaro hannu ba. Abin da nake gani a idona shi ne mutumin nan tsaye ranar jajibere yana dukan ƙofarmu, 'yan layi sun fito kallo, ana cewa ashe tsohon ma irinsu ne. Kuma ni ce sila. Kowace safiya sai na ce yau zan faɗa. Idan na shiga na tarar yana ɗiga wa keke mai a natse, sai na gaishe shi na fita. Duk babur ɗin da ya rage gudu a ƙofar gidanmu sai na leƙa na ga ko shi ne. A wajen buɗa-baki ƙosai ya daina wuce mini. Kakata ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne, ta hana ni rabin azumin da nake yi. A raina na riƙa addu'ar Allah ya sa mutumin ya manta, ko ya yi tafiya. Ina jin har wata addu'ar da ta fi wannan muni na yi, Allah ya yafe mini.

Na manta da abu ɗaya. Duk ƙarshen wata wani mai yin katifa da matashi daga Kabong yakan zo da baro ya kwashe ƙyallayen. Ranar ashirin da bakwai, da hantsi, ina share bakin shago sai ga shi.

“Oga tela, sannu da aiki! Na zo ɗauka kayan nan.”

Kakana ya nuna masa lungu da haɓa, ƙafarsa ba ta bar keke ba. Mutumin ya ɗaure bakin buhun, ya cicciɓa ya ɗora a baro. Na ga ya kama hannun baron ya fara turawa. Ban san lokacin da na yar da tsintsiya na rungume buhun ba.

Mutumin ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, “A'a! Baba, yarinyan ka yana kuka fa. Ko na taka shi ne?”

Keken ya tsaya. A shagon nan idan keke ya tsaya da rana, shirun ya fi tsawa ban tsoro. Na kwance buhun da kaina, na yi ta fitar da ƙyallaye har na zaro shaddar, duk ta yamutse. Na faɗi komai, rabi cikin kuka.

Kakana ya sallami mai katifa tukuna. Sannan ya warware yadin a kan tebur, ya duba ko ya tabu. Ya ɗago ya dube ni.

“Me kika ce masa?”

“Na ce to.”

“Duk wanda ya zauna a kan bencin nan, da bakin shago yake magana. Tun da kin ce to, ni na ce.”

Ya juya ya dubi bango. Leda biyu suka rage, ta tara da yake kan aikinta, da tawa. Ya miƙe, ya sauke atamfata, ya miƙo mini, ya rataye shaddar a wurinta.

Kakata da ta leƙo ta ƙofar cikin gida ta ce, “Haba Malam, yarinya ce. Ka ƙara dare ɗaya mana, kayan Sallarta fa.”

Ya ce, “Idan na ƙara dare ɗaya bana, baɗi darare goma za ta karɓo mini. Wadda ta ce to ita za ta ba da ƙusarta.”

Ni ya sa na hura gawayin dutsen guga, na tsaya ina fifita shi yana goge yamutsin da na jawo. Ƙamshin nan ya cika shagon, ni kuma ina haɗiyar kuka. Muna cikin haka wata maƙwabciya ta shigo da leshi, tana ta magiya. Bai ɗago ba, ya ce, “Amarya, ba ta amsa.” Da ƙyar muryata ta fita: “Inna, ki yi haƙuri, ƙusoshi sun cika, sai bayan Sallah.” Ta yi tsaki ta tafi. Na jira wani abu ya faru, ban ga komai ba. Bayan Sallah ma ita ta dawo da leshin.

Ranar jajibere dillalin ya zo, ya gwada kaftaninsa, ya buɗe murya ya ce shi ya sa ba ya kai ɗinki ko'ina. Bai taɓa sanin inda shaddarsa ta kwana bakwai ba. Ni kuwa na yi Sallah da kayan bara, hannun rigar bai kai wuyan hannuna ba, ƙawayena suna ta cewa, “Jikar tela guda, da tsohon yayi!” Washegarin yawon Sallah, atamfata ce ya fara yankawa.

Kakana ya rasu ina aji biyu a jami'a. Shagon yanzu wurin cajin waya ne, an zare ƙusoshin, an shafe ramukan da fenti. Na karanta harkar kasuwanci, an koya mana tsara lokaci da tsara aiki, kuma ba zan ce bai amfane ni ba. Yanzu kek da cincin nake yi na biki da suna. Sai dai a zamanin nan ba a miƙo leda a bakin ƙofa, a waya ake turo saƙo, kuma waya ba ta da bangon da zai cika. Sau biyu na karɓi abin da ya fi ƙarfina, sau biyu na ba da kunya. Bayan na biyun ne na sayo ƙusoshi shida na kafa a bangon kicin, kowace da takardar aiki ɗaya. Ban ce wannan ce hanyar kowa ba, ni dai ita ta riƙe ni.

Tsoron bai tafi ba, kada na yi maka ƙarya. Shekaranjiya wata babbar ƙawar mahaifiyata ta kira, tana son kek na kamu nan da kwana uku. Na ji “to” ɗin nan ta hau harshena. Na dubi bango, na dafa tebur, na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ƙusoshina sun cika.”

Ta ce, “Ƙusoshin me kuma?”

Na ce, “Na kakana ne.”