Tumatirin Orval

Shekara talatin da ɗaya Verna Tollefson ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci a wani ƙauye na arewacin jihar Minnesota a Amurka, kuma ko kusa lambu bai taɓa burge ta ba. Lambu na mijinta Orval ne, shi da tumatirinsa mai ruwan ɗorawa, wanda ya gaji irinsa daga kakarsa. Da ya rasu sai ya bar mata gida da tsohuwar mota da wannan jarabar.

Bana aikin gwiwa da aka yi mata ya sa ta makara da shuka, ɓera kuma ya yi wa irin ɓarna, ɗan abin da ya rage ta shuka shi duka. Ga Satumba ta ƙare, tumatir yana nan kore shar, ɗanye kuwa ba a cire iri a jikinsa. In sanyi ya kashe shi a haka, an gama ke nan.

Ran Litinin rediyo ya ce raɓa za ta daskare. Da yamma ta kwaso zannuwan gado, ta lulluɓe shukokin ɗaya bayan ɗaya, ta danne da duwatsu, da safe ta yaye. Talata rana ta buɗe har da gumi. Laraba ruwa ya wuni, zannuwan suka jiƙe suka yi nauyi, ta ja su tana ɗingishi. Alhamis iska ta kwashe guda biyu ta rataye a shingen maƙwabcinta Duane, ya kawo mata yana dariya.

"Verna, shanya kike yi ko jinya? Ki tsinke tumatirin ki soya mana, kowa ya huta."

Ta ce in ya gama surutu ya miƙo mata dutsen can.

Ran Juma'a ta gaji liƙis. Ta leƙa da yamma ta ga gajimare ya rufe sama, kowa kuwa a garin ya san raɓa ba ta daskarewa in da gajimare. Orval da kansa ya koya mata. Ta jefa tsohuwar rigar sanyinsa a kan shukar da ke bakin ƙofa, don kawai ita ce a hannunta, ta shige ciki.

Kafin asuba gajimaren ya watse.

Da safe ciyawa ta yi fari fat. Rana na ɗagawa ganyen ya yi baƙi ya langaɓe, 'ya'yan suka yi ruwa. Verna ta tsaya tana jiran kuka ya zo, sai ta ji wani sauƙi ya sauko mata har gwiwa. Babu sauran jan zani, babu sauran kasa kunne ga rediyo. Kunya ta kama ta, amma sauƙin bai tafi ba.

Ta sunkuya ta ɗauki rigar don ta kai ciki. A ƙarƙashinta ga tumatir guda, lafiya lau, gindinsa ya fara yin ruwan ɗorawa. Kwana goma a bakin taga zai nuna.

Ta daɗe tana kallonsa. Duane bai fito ba tukuna, ko ta jefar da shi ba wanda zai gani.

"Kai dai Orval ba ka da tausayi," in ji ta.

Ta tsinke shi, ta goge da bakin rigar, ta hau matakala a hankali saboda gwiwar.