Ƙafa Huɗu a Kan Kwalta

Na fi shekara ashirin ina sayen gyaɗa da riɗi a kasuwannin ƙauye, daga Roni zuwa Gwiwa har can gefen Babura, kafin na mallaki sabuwar mota. Da keke na fara, na koma babur, sannan na samu wata tsohuwar a-kori-kura wadda sai an tura take tashi. Ita ta koya mini haƙuri, amma ba ta san yashi ba. Inda kwalta ta ƙare, nan ita ma take tsayawa.

Mutane sun ɗauka don ɗaukar kaya na sayi sabuwar. Haka ne, amma da wani dalilin. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, yaya ɗaya ta rage mata a duniya, tana wani ƙauye bayan Gwiwa, kuma sun yi shekaru ba su haɗu ba. Gadon bayan Inna ba ya jure babur, ita kuma yayar idonta ya fara tafiya. Hanyar yashi ce zalla, ga rafi a tsakiya, wanda da ruwa ya sauka sosai ba mai ƙetare shi da mota sai kaka.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma roƙona komai kai tsaye. Sai dai ina zaune ta dubi matata ta ce wai an ce idon Yaya ya ƙara nauyi. Na ji wannan maganar sau da yawa, na kuma san ba da matata ake ba.

A ƙarshen bazara na ɗauko motar daga Kano, fara tas, kujerunta da leda. Wanda ya miƙa mini makulli ya nuna mini wata ƙaramar giya a gefen babbar, ya ce in na shiga yashi in ja ta, tayoyin huɗu duka za su yi aiki. Ya ƙara wata magana bayan wannan, amma ni a lokacin ƙamshin sabuwar kujera nake shaƙa.

Washegari na nufi ƙauyukan Babura. Da na zo inda tsohuwar motata ta saba kafewa, na ja ƙaramar giyar. Motar nan ta ratsa yashi kamar raƙumi. Na wuce wani mai amalanke da ya taɓa janyo ni da shanunsa a daidai wurin, na ɗaga masa hannu, shi kuma ya bi ni da kallo baki buɗe. Ni kaɗai a mota ina ta dariya.

Da na dawo kan kwalta na kai hannu zan mayar da giyar, sai na tsaya na yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Ƙafa huɗu na saya. Ban taɓa ɗaukar 'yan dako huɗu na bar biyu a inuwa suna kallon biyu na aiki ba. Na janye hannuna, ina jin na yi dabara.

A kwana na uku ta fara kuka. In hanya ta miƙe, gurnani ne kaɗan daga ƙasa. In na zo kwana kuwa, sai sitiyari ya yi tauri, tayoyi su riƙa tirjewa kamar ana jan buhu a siminti, wani abu a ƙarƙashi yana ƙas, ƙas. Na ɗaure safaya da kyau, na fitar da jak da sauran ƙarafa na ajiye a gida, na sa aka ƙara ɗaure kusoshin taya. Kukan yana nan. A kasuwa abokan ciniki suka samu abin yi, wai yau an auna wa mai awo da ƙaramin kwano.

Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru ranar Juma'a. Na ce a fito da Inna ta sa wa mota albarka, mu ɗan zaga cikin Kazaure. Ta shiga baya ita da matata. Muna karya kwanar layinmu motar ta yi gurnaninta, ta ƙara da ƙas ɗin nan har sau uku. Inna ta ce wa matata a tsaya. Ta sauka, ta dogara sandarta ta koma gida da ƙafa. Saƙon da ya iso mini shi ne ba za ta shiga daji cikin abin da ke nishi haka ba, kuma sabon abu ba ya kuka sai in baki ya kama shi, a yi sadaka. Na sa aka soya waina aka raba a unguwa. Maƙwabta suka ci suka yi addu'a, mota ta ci gaba da kukanta. Kullum da la'asar kuma hadari na haɗuwa a gabas, manoma sun gama sharar gona.

Ranar kasuwar Roni na haɗu da wani dattijon Bafulatani da nake sayen gyaɗarsa tun ina kan babur. Yana kiwo yana noma, Baffa nake ce masa. Na ba shi labari, ya ce ai ba a duba saniya a tsaye, in kora ta ya gani. Ya cire malafarsa ya shiga gaba, ya sauke gilashi ya kara kunne. Ya sa na yi kwana a kan kwalta, ta yi kuka. Ya sa na sauka na bi burtali, na zagaya wani gawo sau biyu a cikin yashi, shiru kake ji. Muka koma kwalta, ta dasa daga inda ta tsaya. Sau uku muna haka.

"Alhaji, dabbarka lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Mai ciwo ko'ina ɗingishi take yi. Wannan ƙasa take zaɓa. Kai ne ka yi mata wani abu."

Na ce ni ban yi mata komai ba sai wanki. Ya ce to mu je wurin mai gyaranta, yana so ya ji ƙarshen zancen.

Bakaniken da nake kai wa mota a Kazaure mutumin kudu ne, Kirista, amma a nan ya tashi, garejin ma na mahaifinsa ne, kuma ya fi ni karin magana. Baffa ne ya yi masa bayani tiryan-tiryan, inda take kuka da inda take shiru. Bakaniken bai ko buɗe gaban motar ba. Ƙofar direba ya buɗe, ya dubi ƙaramar giyar, ya tambaye ni tun yaushe take a haka. Na ce tun ranar Babura, na kuma kawo masa hujjata ta 'yan dako huɗu, da ƙarfin gwiwata. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi dariya har da share hawaye.

Da ya nutsu ya ce in mota za ta yi kwana, tayoyin gaba sun fi na baya cin hanya. Ita wannan giyar ɗaure su take wuri ɗaya, dole su juya daidai. A yashi ba komai, taya za ta ɗan zame ta huce. Kwalta kuwa ba ta sakin taya, sai ƙarfen da ke tsakani ya riƙa murɗewa, shi ne kukan da nake ji. Ni ina ta juya maganar a kaina, Baffa ya riga ni ganewa.

"Ashe garma ce," ya ce. "In an kai ƙarshen kunya, san waje ya fi na ciki taku. Ka ce lallai sai sun yi taku ɗaya, karkiya za ka karya." Ya juyo gare ni. "Kai da ka tashi a gona, Alhaji."

Na kai hannu zan mayar da giyar, ta ƙi motsi, kamar an dasa ta. Bakaniken ya ce kada in tilasta mata. Ya sa jak ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya. Tayar na rabuwa da ƙasa ta fizga ta juya da kanta, ba wanda ya taɓa ta, motar ta yi wata ajiyar zuciya. Baffa ya ja da baya yana salati. Da yatsa biyu giyar ta koma wurinta.

Saura a san ko na yi ɓarna a ciki. Bakaniken ya kwanta a ƙarƙashi ya ɗebo man akwatin ƙaramar giyar a murfin gwangwani, ya fito rana yana murza shi a yatsu, yana neman garin ƙarfe, yadda nake murza riɗi ina neman yashi. In ya samu, sai an kwance an nemo kaya daga Kano, kafin nan rafi ya cika. Ban taɓa kallon yatsun mutum haka ba. Ya murza, ya ɗaga, ya ƙara murzawa.

"Allah ya so ka," ya ce. "Ƙasa mai laushi huɗu, kwalta biyu. Ka rubuta a jikin sitiyari in za ka manta."

Da na koma gida na zauna a ƙofar ɗakin Inna na faɗi gaskiya, cewa ba bakin kowa ba ne, wayona ne ya yi yawa. Ta dubi matata ta ce tun yana ƙarami haka yake, in aka saya masa takalmi da shi yake kwana don kada a ce bai more ba. Na sa aka shimfiɗa wa Inna tabarma a zaure, na yi ta karya kwanar layinmu da motar ina dawowa, tana saurare, har maƙwabta suka fito kallo. Da safe na tarar da ƙullin kayanta a zaure, daddawa da kuka da turmin atamfa, da goro a jiƙaƙƙen algarara.

Mun wuce Gwiwa da hantsi, ni da Inna da matata. Inda kwalta ta ƙare na tsaya na ja giyar. An ɗan yi yayyafi, rafin da ruwa iya idon sawu, motar ta ratsa shi ba ko tari. Muka tarar da yayar Inna a gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa. Muryar ƙanwarta ta fara ji. Ta miƙo hannu biyu tana shafa fuskar Inna, goshi da kunci da haɓa, tana cewa ke ma kin tsufa, ja'ira. Suka yi kuka kaɗan, suka koma dariya da faɗan wata tsohuwar tasa da tun suna 'yan mata ba a san wadda ta fasa ba. Ni na koma gefe yaran gidan suka kawo mini fura. Kwana biyu muka yi.

A hanyar dawowa hadari ya haɗu baƙi ƙirin a bayanmu, kuma ruwan ranar ne ya rufe rafin har kaka. Muna hawa kwalta, hankalina na kan sama, na ji an taɓa kafaɗata da kan sanda. Inna ce, kuma ba matata take kallo ba.

"Kai," ta ce, "sauke mata biyun su huta."

Na gangara gefen hanya na tsaya, na mayar da giyar, sannan muka kama hanyar Kazaure.