Gwaggo, Wadda Ta Fito Da Yayana Daga Ɗaki

Kafin kowa ya iso ofishin ƙungiyar tallafa wa masu larurar gani, Gwaggo ta riga ta zagaye shi. Ƙofar da ta tarar a rabin buɗe, ko ta rufe ta gam ko ta wangale ta har bango, domin irin wannan ƙofar ce ke fasa goshin wanda ba ya gani. Ta mayar da kowace kujera inda take jiya, ta kawar da bokitin da mai shara ya manta a hanya, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta zauna kusa da ƙofar shiga. Duk wanda ya shigo ita ke fara magana: "Ni ce Gwaggo, ina ta hannun damarka." In za ta bar ɗaki ma sai ta faɗa, kada ta bar mutum yana hira shi kaɗai.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu. Ma'aikaciya ce mai koyar da tafiya da farar sanda da dabarun zaman yau da kullum, amma har shugaban ƙungiyar, wanda ya girme ta, haka yake kiranta. A watan nan za ta ajiye aiki bayan fiye da shekara ashirin, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ta dalilin yayana na san ta. Kafinta ne, mutum mai fara'a da yawan surutu. Ciwon suga ya riƙa cin idonsa a hankali, shi kuma yana ɓoye mana, har ranar da zarto ya yanke masa yatsa. Likita ya ce ganin ba zai dawo ba. Daga nan ya rufe shago ya shige ɗaki, ya daina amsa waya, abokai suka gaji da zuwa. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da ya kira matarsa ya ce ta kwashe yara ta koma gidansu, wai shi ya zama kaya.

Wata nas a asibitin ido ce ta ba ni lambar ƙungiyar. Na buga ina fargabar za a yi ta juya ni. Gwaggo ce ta ɗauka. Na ce, "Me ake kawowa in mutum zai shiga?"

Ta ce, "Shi kansa. In ya ƙi zuwa, mu ne masu zuwa."

Ta kuwa zo. Ta tsaya a bakin ɗakin ta gaishe shi, ya amsa ciki-ciki. Ta ja kujera ta zauna. Ba ta yi masa jaje ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba. Sai kawai ta ce, "Ni dai an ce mini gidan kafinta zan zo, amma kujerar nan rawa take yi da ni."

Yaya ya ɗago kai. "Wace kujerar?"

"Wannan mai hannu ɗin."

"Ni na yi ta. Ba ta rawa."

"To, zo ka ji."

Ya laluba ya kama ta, ya kife ta, ya bi ƙafafunta da yatsu. Can ya ce da ni, "Auta, miƙo mini guduma, 'ya'yan nan sun sassauta ta." Matarsa ta juya baya tana share ido, don rabonsa da neman wani abu da bakinsa an daɗe. Da ya gama Gwaggo ta ce, "Idon ya tafi, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma hannun nan lafiyarsa ƙalau. Akwai irinka da yawa a wurinmu, ka zo ka ji yadda suke yi."

Bai zo a makon ba. Ta sake dawowa, ta kuma sake. Ranar da ya yarda, ni na kai shi, ina jan hannunsa. Tun daga ƙofa ta tare ni: "'Yata, ba akuya ba ce da za ki ja. Ba shi gwiwar hannunki ya riƙe, ki sha gabansa kaɗan." Mu ma iyalinsa sai da ta zaunar da mu. Ta hana mu sauya wa kayan gida wuri ba mu faɗa masa ba, ta hana mu amsa tambayar da shi aka yi wa. Shi kuma aka ba shi sanda daidai tsawonsa, aka saita masa wayarsa ta riƙa karanta masa saƙo. A zaman da 'yan ƙungiyar ke yi ya haɗu da mutanen da ke tsokanar juna da abin da shi ya sa shi kuka. Ya dawo gida yana ba mu labarin wani tsohon direba da ya ce har yanzu ya fi rabin masu mota sanin hanya.

Ina wurin ranar da ya fara tsallaka titin gaban ofishin shi kaɗai. Ya tsaya a bakin titi yana sauraren motoci. Na yunƙura zan je, Gwaggo ta riƙe mini mayafi ta girgiza kai. Ita ta bi bayansa kusa-kusa, bai ma san tana nan ba. Da sandarsa ta daki dakalin wancan gefen, ya tsaya ya yi dariya irin ta da. Na kalli Gwaggo, zufa ta jiƙa mata fuska sharkaf.

Ba ni kaɗai ce shaida ba. Nas ɗin nan ta ba ni labarin wata tsohuwa da 'ya'yanta suka kawo don a ba ta sanda. Gwaggo ta ce a fara kai ta wurin likita tukuna, ta raka su da ƙafarta. Ashe yanar ido ce, aka yi aiki, tsohuwa ta ga jikokinta. Akwai kuma wanda har yau ya ƙi fitowa. Gwaggo ba ta taɓa cewa ya gagare ta ba, tana dai buga masa waya su gaisa.

Gwaggo, ke ce mai tsayawa a bayan mutum har ya gane zai iya. Ke ce kika riƙe auren yayana ba tare da kin taɓa yi masa maganar aure ba. Yau yana shagonsa, yana awo da sanda mai tsaga-tsaga da ya ƙera wa kansa. Abokin aikinsa ke yanka, shi yana haɗawa yana gogewa, kuma in ya shafa katako ya ce bai yi ba, to bai yi ba.

Da aka faɗa wa 'yan ƙungiya za ki tafi, ɗakin ya yi tsit. Kika ce, "To, mene ne? Gwiwa ce ta gaji, bakin na nan." Mun gode, Gwaggo. Allah ya huta gajiyarki, ya ƙara miki lafiya.

Ku kuma masu karatu, ba sai kun iya koyar da sanda ba. Ƙungiyoyi irin wannan kullum suna neman mai raka mutum asibiti, da mai karanta masa abu, da mai zuwa a yi hira kawai. In kuma akwai wani naku da ido ya zaunar a ɗaki, kada ku ce kuna tausaya masa ku bar shi a can. Ku nemi inda ƙungiyoyin suke ku kai shi. Jiya na je gidan Yaya ban same shi ba. Matarsa ta ce ya ji labarin wani tela da idonsa ya mutu kwanan nan, ya ɗauki sandarsa ya tafi gaishe shi.